Kai na Huɗu

An kira ni unguwar Gesse da hantsi,
gidan Dakta Nafi'u, mai baƙar ƙofa.
Ciyawarsa ta yi ƙora
kamar kan da wanzami ya aske yana gyangyaɗi:
nan kore, nan ja, nan ƙasa tsirara.

Na ajiye jaka, na tuɓe takalmi.
Ƙafa ta fi ido sanin maɓoyar ruwa.

Kan feshi na farko, taya ce ta taka shi.
Direba ya yi baya da mota ranar suna,
wuyan ya karye, ya kwanta gefe
yana tsiyaya cikin raminsa.
Na ɗebe ciyawar da saiwarta, faɗin faifai,
na haƙa a hankali, na murɗe shi,
na share bakin bututu da gefen riga,
na naɗa farin zare sau bakwai,
na ɗaura sabo.

Na biyu shaƙewa ya yi.
Rijiyar burtsatse ba ta aiko ruwa haka kawai,
sai da tsarabar rairayi.
Na zare matata, na busa,
na tsokane idon da tsinken tsintsiya.
Ya yi tari sau biyu, ya tofar, ya farfaɗo.

Na uku tsufa ne.
Ranar Birnin Kebbi ta gasa robarsa har ta koma ƙanzo,
ina taɓawa ta marmashe a tafina.
Irin wannan ba a nema masa magani, sai magaji.

Sai na huɗu, can gindin katanga.
Ba tsaga, ba toshewa, ba tsatsa,
amma ya juya wa ciyawa ƙeya.
An ɗaure shi da robar tsohuwar tayar keke,
ɗaurin hannun da ya saba da dami.
Na bi sawun danshi da yatsun ƙafa
har bayan ɗakin janareto.
Fili ne da bai kai tabarma ba:
yakuwa layi biyu, barkono huɗu,
albasa tara, ganye a miƙe.

Baba Kakale maigadi yana kan benci
yana murɗa rediyon da ba ya magana.
Bai dube ni ba.
Kunnensa ne ya dube ni.

Ni ɗan Aliero ne,
na san wannan jeri tun ban san ƙidaya ba.
Shekara talatin ubana yana jan jigo,
guga guda, fangali guda,
har kafaɗarsa ta dama ta sauka ta bar ta hagu.
Da ya ga ruwa na tashi sama da kansa
yana rawa saboda ciyawar
da ko akuya ba a bari ta lasa,
da ya riƙe baki har magariba.

Dakta ya fito da kofin shayi.
Na buɗe famfo.
Uku suka ɗago kai daga ƙasa lokaci guda,
cik, cik, cik,
suna watsa azurfa, suna juyawa,
bakan gizo ƙarami ya tsaya daidai gwiwata.

Ya nuna da haɓa: "Wancan fa?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan ba abin da ya same shi."
Ban yi ƙarya ba, amma maƙogwarona ya bushe.

Ya kurɓi shayi. Ya daɗe yana kallon katanga.
Ya ƙirga kuɗina, ya ƙara ɗari biyar,
ya rage murya yadda ba za ta kai benci ba:
"Ɗaga masa wuya kaɗan.
Barkonon ƙarshe ba ya samu,
mako uku ke nan ina gani ta taga."

Na durƙusa cikin taɓo da sifana,
na ɗaga shi kamu ɗaya.
Robar kuwa ban kwance ta ba.